Ƙafar Inna a Fayil ɗin Gwamnati

Akwai asibitin sha-ka-tafi a garinmu. Ɗaki biyu ne da baranda, a kan ɗan tudun da ke gabas da masallaci, inda ruwa ba ya kaiwa ko a shekarar da ambaliya ta yi tsanani. Fentinsa shuɗi da fari. Tun da aka gina shi, barandar ce ta fi yi wa mutane amfani. Mata suna shanya barkono a kai, in rana ta take awaki su shiga inuwa.

Garin yana cikin fadama, bayan Kirikasamma. Idan ruwan kogi ya sauko a tsakiyar damina, hanyar mota yake fara ci, sannan ta babur. Daga nan sai kwale-kwale, shi ma sai an ratsa kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. A haka ake zama har kaka. Ni na bar garin tun ina saurayi, na yi aiki a sashen labarai na gidan rediyo, da na yi ritaya na zauna a Haɗejiya. Yayana ne ya tsaya a gida, yana noman shinkafa da kamun kifi. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana tare da shi, a ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Na yi shekaru ina roƙonta ta dawo wurina. Amsarta ba ta canzawa: ita ba ta iya barci a gidan da ba ta san wanda ke bayan katanga ba.

Inna tana da ciwon suga. Wata rana ta taka ƙayar kifi a tsakar gida, ta zare da hannu ta ci gaba da aikinta. Wurin bai warke ba, ya zama gyambo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu. Da na kai ta asibiti a Haɗejiya, likita ya yi mini bayani dalla-dalla. A wanke, a cire mataccen nama, a ɗaure da bandeji mai tsabta, a riƙa auna sugan. Aikin rubu'in awa ne, amma sai wanda ya koya, kuma ba a tsallake kwanaki. In an samu haka, za ta zauna a ɗakinta iya kwanan da Allah ya ɗibar mata. In ba a samu ba, ƙafar za ta tafi. Kwana goma Inna ta yi a gidana, ta ɗaure kayanta ta ce a mayar da ita.

Na yarda na mayar da ita ne saboda 'yar yayana.

Shekara biyu da 'yan watanni kafin wannan, ni da bakina na karanta labarin a rediyo. Gwamnati za ta ɗauke wa ɗaliban koyon aikin jinya kuɗin makaranta, ta riƙa ba su alawus kowane wata, da sharaɗin in sun gama za su yi aiki a yankunansu, musamman garuruwan da ke da wuyar shiga kuma ba su da ma'aikaci. Ina fitowa daga ɗakin karanta labarai na kira yayana a waya. 'Yarsa ta gama sakandare da sakamako mai kyau, tana zaune a gida tana tsinkar barkono. Ni na karɓo mata fom, ni na tsaya mata, na sa hannu a takardar yarjejeniya bayan na karanta ta layi-layi.

Ba zan yi wa gwamnati ƙazafi ba, ta biya. Wani watan alawus ɗin yakan makara har yarinyar ta kira ni in aika mata na sabulu, amma yana zuwa. Da shi ta sayi littattafai da fararen kaya, da shi ta ci abinci, ba ta taɓa barin aji don rashin abin hannu ba. Garin ma ya ɗauke ta tasa. Duk hutun da ta zo sai masunta sun haɗa mata bandar kifi, mai kwale-kwale ba ya karɓar kuɗinta. Tun tana aji ɗaya ake kiranta malamar asibiti.

Tsakaninta da Inna wasan jika da kaka ne, ba ya ƙarewa. Hutun da ta zo bayan ciwon ya fito, ita ke wanke ƙafar, tana yi suna faɗa.

"Ke, a hankali," in ji Inna. "Ba tarwaɗa kike gyarawa ba."

"Tarwaɗa ta fi ki jin magana, Kaka. Ita ba ta shan shayi da suga a ɓoye."

"Wa ya gaya miki?"

"Tururuwa. Ga su can sun yi layi har ƙarƙashin gadonki."

"Ashe gwamnati biyanki take ki yi mini leƙen asiri. To ki gama ki dawo, mu ga wanda zai gaji."

Saura wata bakwai ta gama a lokacin. Rani ne, hanya a buɗe take. Muka shirya cewa matar yayana za ta riƙa wanke ƙafar yadda yarinyar ta nuna mata, ni kuma duk mako in ɗauko Inna a mota a duba ta in mayar. A lissafinmu, kafin ruwa ya rufe hanya, yarinyar ta gama, an turo ta asibitin garinmu, magana ta ƙare.

A takarda, asibitin nan yana da ma'aikaci. Wani magidanci ne mai fara'a da aka turo shekaru da dama da suka wuce. Ya zo ya tarar ba ɗakin kwana, ba ruwan famfo, ba magani a kanta, ga sauro. Ya yi 'yan watanni yana zuwa ran kasuwa, daga baya ya buɗe kemis a Haɗejiya, ya bar makulli a hannun bulama, wato mai garinmu. Albashinsa bai tsaya ba. In mutumin garinmu ya shigo birni ya biya ta shagonsa, yakan miƙe ya gaishe shi da hannu biyu, ya rage masa kuɗin magani, wani lokacin ya ba shi kyauta. Ba mai jin haushinsa. Cewa ake mutumin kirki ne, wurin ne ba ya zaunuwa.

A tsakiyar ranin nan ya aiko wa bulama saƙo cewa masu duba asibitoci za su zo ranar Laraba. Bulama ya kira ni ya ce lallai in zo, ni na san yadda ake magana da mutanen gwamnati.

Na iso ranar Talata da la'asar, na tarar gari ya tashi tsaye. Mata sun kwashe barkono, sun kankare kashin awaki, suna wanke baranda da ruwan rijiya. An aro benci biyu daga firamare. Malamin asibitin ya zo da kwali uku a bayan babur, kayan shagonsa ne, yana jera su a kanta. Ya rataye farar riga a ƙusa. Da ya gama ya buɗe rajistar majiyyata ya shiga cike layukan watannin baya, yana canza biro lokaci-lokaci.

Na sami bulama a gindin darbejiya na tambaye shi me ake yi haka.

"Rufin asiri ake yi, Malam," ya ce. "Mutumin nan yana da iyali. In muka ce ba ya zuwa, korarsa za a yi. Ka taɓa jin garin nan ya cire wa wani abinci a baki? Sannan in suka rubuta asibitin ba ya aiki, rufe shi za su yi su kai wa mutanen tsallake. Mu da muka samu da kyar."

"Ranka ya daɗe, ai ba ya zuwan."

"Mun sani. Su ma in suna son sani, sun sani. Baƙi ne. A karɓe su, su sha ruwa, su tafi."

Haka muke tun ina yaro. Ba ma buɗe abin kunyar mutum a gaban baƙo, ko da mu ya cuta. In ruwa ya ci gonar wani, ba a jira ya roƙa, sai dai ya tarar da buhu a zaurensa bai san wanda ya ajiye ba. Da wannan halin muka rayu a wurin da ruwa kan cinye abincin shekara a kwana biyu, kuma na daɗe ina alfahari da shi. Don haka ban ja da bulama ba. Akwai abu ɗaya da ya kamata in yi, wanda shi ne aikina tsawon rayuwata: in tambayi abin da ya kawo waɗannan mutane. Ban tambaya ba.

Ranar Laraba da hantsi aka ce ana bukatar marasa lafiya a kan benci. Aka tattaro masu tari da masu zazzaɓi, aka je aka taho da Inna. Malamin asibitin ya sa safar hannu ya durƙusa a gabanta. Na tsaya a kansa ina kallo, kuma abin da na gani shi ne ya fi ɓata mini rai har yau. Ya iya aikin. Hannunsa ba ya rawa, ya san inda mataccen nama ya tsaya da inda mai rai ya fara, ya naɗe bandejin tsaf, Inna ko motsi ba ta yi ba. Na duba agogo, rubu'in awa bai cika ba.

Masu dubawar su uku ne a farar mota, mace ɗaya da maza biyu. Suka leƙa ɗakunan, suka ga magani a kanta, suka buɗa rajista suka rufe. Matar ta sunkuya wajen Inna.

"Hajiya, wa yake ɗaure miki ƙafar nan?"

Inna ta nuna shi da hannu. "Ga shi nan. Allah ya yi masa albarka, yana kula da mu."

Matar ta ɗauki hoton ƙafar da waya.

Sai aka ce wakilin al'umma ya yi magana. Na yi jawabin minti uku. Ban ce yana zuwa kullum ba. Na ce asibitin yana nan yana hidima gwargwadon hali, al'umma suna godiya, suna kuma fatan a ƙara musu ma'aikata. Kowace kalma da na furta zan iya kare ta a gaban alƙali. Sana'ata ce, na san yadda ake jera ƙananan gaskiya har su rufe babbar. Aka ba baƙin bandar kifi da tabarmi, suka tafi kafin azahar. Da la'asar malamin ya mayar da maganinsa cikin kwalaye, ya bar wa Inna bandeji biyu kyauta. Ranar Alhamis barkono ya koma baranda.

Yarinyar ta gama, ta ci jarrabawarta. Takardar tura ta wurin aiki ta fito bayan an yi ruwan shuka. Ta kawo mini har gida, ta ajiye a kan tabarma a gabana. An tura ta wani ƙauye arewa da Malam Madori, tafiyar rabin yini daga garinmu.

"Baffa, kuskure ne ko?"

Na ce kuskure ne, gobe zan je a gyara.

A ofishin da ke rabon ma'aikata, jami'in da na samu ya gane ni tun daga sallama. Ya ce da muryata suka tashi, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo fayil. Ya yi mini bayani a natse. Kafin a raba sababbin ma'aikata, an tura kwamiti ya zagaya ya gano asibitocin da ba kowa a ciki. Waɗanda aka tarar a rufe su aka ba. Asibiti irin namu gurbi ɗaya gare shi, kuma a cike yake.

"Ba a cike yake ba," na ce. "Mutumin ba ya zuwa. Shago gare shi a nan cikin gari."

Bai yi musu ba. Ya juyo da fayil ɗin ya turo gabana. A shafi na biyu akwai hoton ƙafar Inna. Na gane bakin zanenta, na gane tabon ƙunar da ke idon sawunta tun muna yara. Bandejin fari fat. A ƙasa an rubuta cewa majiyyaciya ta tabbatar ma'aikaci yana kula da ita, kuma wakilin al'umma, tsohon ma'aikacin rediyo, ya tabbatar asibitin yana hidima.

"Wannan ba kai ba ne, Malam?"

"Ni ne."

"To ka gani."

Na gani. Amma na yi masa tambayoyin da ya kamata in yi tun ranar Talatar can. Wa ya gaya wa mutumin ranar da kwamiti zai zo, in ba wani daga ofishin nan ba? A cikin su ukun, wa ya tambayi inda ma'aikacin yake kwana? Wa ya lura kwalayen maganin da ke kanta ba irin na gwamnati ba ne? Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce hanya ɗaya ce. Al'umma su rubuto ƙorafi da sa hannun bulama, sai a sake tura kwamiti.

"Yaushe?"

"In hanya ta buɗe. Ka san motarmu ba ta shiga yankinku da damina."

Wato gwamnati ta ciyar da yarinya shekara uku, ta koyar da ita, don ta zauna a garin da ruwa ke rufewa. Amma ba ta da mutum ɗaya da zai shiga kwale-kwale ya leƙa garin, ko ya zo da rani ba tare da ya aiko a yi masa shara ba. Kuɗin da aka kashe ya isa inda aka nufa da shi, har yarinyar ta fito da takardar shaida a hannu. Abin da ya rage rubutu ne na layi ɗaya, shi kuwa aka damƙa shi ga wanda ya zo ya sha ruwa ya karɓi kifi.

Daga baya yarinyar ta ba ni labarin ƙauyen da aka kai ta. Su ma suna da nasu ma'aikacin na takarda. Ran da kwamiti ya je, ba wanda ya taɓa tsintsiya. Mai garinsu ya buɗe ƙofa ya ce su shiga su gaisa da jemagu. Shi ke nan, aka ba su 'yarmu.

Na koma gari na sami bulama a zaurensa, yayana yana gefe. Na karanta musu takardar ƙorafin da na tsara. Bulama ya sunkuyar da kai.

"In sa hannu cewa mun yi wa gwamnati ƙarya? Da rawanin nan a kaina?" Ya ɗago. "Kai ka yi jawabin, Malam. Ni tsayuwa kawai na yi."

Gaskiya ya faɗa. Yayana bai goya mini baya ba, shi zai ci gaba da sallah sahu ɗaya da mutanen nan bayan na tafi. Na shiga wurin Inna na ce to ko ita ta dangwala yatsa, tun da da bakinta aka kafa hujja.

"Na sa wa mutum albarka a gaban jama'a," ta ce, "yanzu in ce a mayar mini?"

"Inna, ƙafarki ce fa."

"Ƙafata ce. Bakin ma nawa ne."

Na rubuta takardar da sunana ni kaɗai, na ce jawabin da na yi ya ɓoye gaskiya, na kai ofishin. Aka buga mata hatimi aka ce an karɓa. Kafin mako ya zagayo labari ya isa gari cewa ɗan birni ya tona wa bawan Allah asiri. Wasu da suka saba tsayawa mu gaisa sai suka koma ɗaga hannu daga nesa.

Na je shagon malamin asibitin ma. Ya miƙe da hannu biyu kamar kullum, duk da ya ji abin da na yi. Na ce ya nemi a canza masa wurin aiki, ya sakar wa yarinyar gurbin.

"Baba, in na nemi canji ina za a kai ni? Wani garin ruwan, inda ba su san ni ba, su kai ƙarata a wata ɗaya. Ku kun riƙe ni da mutunci."

"To ka riƙa zuwa, ko sau biyu a mako. Na ga hannunka."

"In sha Allahu, Baba. In ruwa ya janye."

Ya zuba bandeji da auduga a leda ya miƙo mini, ya ce kar in biya, a gaishe da Inna. Na bar ledar a kan kanta na fita. Har yau ban san ko daidai na yi ba, domin Inna tana bukatar bandejin.

Yarinyar ta kama aiki inda aka tura ta, haka yarjejeniya ta ce. Ruwa ya sauko a lokacinsa. Ya ci hanyar mota, na daina iya ɗauko Inna. Daɓen ɗakinta ya fara tsattsafo da ruwa, tabarma ba ta bushewa. Matar yayana tana wankewa safe da yamma, iya abin da aka nuna mata, amma ba ta san inda ake tsayawa da almakashi ba, kuma tana tsoro. Duk ranar hutunta yarinyar takan taso tun da safe, ta hau mota, ta hau babur, ta shiga kwale-kwale, ta iso bayan azahar, ta gyara ƙafar, washegari ta koma. Sau uku ta yi haka. A zuwa na huɗu ta hau tudun asibitin, inda waya ke samu, ta kira ni.

"Baffa, wurin ya fara baƙi, kuma yana wari. Ya fi ƙarfin wanki. A fito da ita gobe."

"Za ta yarda?"

"Na ce mata ko ta fita yanzu da ƙafa biyu, ko a fitar da ita daga baya da ɗaya. Ta zage ni tas. Sannan ta ce a ɗaure mata kaya."

Na bar mota a inda hanya ta ƙare, na shiga da kwale-kwale da hantsi. Yayana ne ya goyo Inna daga ɗaki, ruwa har cinya, tana bayansa tana ba da umarni. Kar a taɓa randarta, kar a bar kaji su shiga, a riƙa buɗe taga ran da aka yi rana. Ta sa aka kulle ƙofar a gabanta, ta ɗaure makullin a bakin zane. Muka shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar jirgin, jikar ta ɗora ƙafar a kan cinyarta ta rufe da leda.

Hanyar fita ta gefen tudun take. Asibitin yana tsaye a busasshen wuri, ƙofa a kulle. Waɗanda ruwa ya shiga gidajensu sun jibge buhuna a baranda, sun ɗaure awaki a ginshiƙi. Daga ƙofar Inna zuwa nan, da rani, tafiyar da ba ta kai a gama gaisuwa ba ce.

"Wuri mai kyau," in ji Inna. "Ko ruwa ba ya hawa." Ta juya ga jikarta. "Ke da kika ce za ki dawo mu ga wanda zai gaji."

"Ke kika ce, Kaka. Kuma ban gaji ba."

"Na sani. Riƙe ƙafar da kyau, kar ki jefar da ita a ruwa a ce ni na yar."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana gyara ledar da ba ta bukatar gyara. Mai jirgin ya tura gora muka shiga kacala.

A Haɗejiya aka yanke babban yatsan da na kusa da shi. Ƙafar ta tsira. Likita ya ce kar a kuskura a mayar da ita inda ba ma'aikaci. Na ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska a gidana. Mako biyu ta yi ta gano wanda ke bayan katanga, wani tela ne, kuma ta ce kekensa ya cika surutu.

Da ruwa ya janye, bulama ya kira ni. Ya ce kwamiti zai sake zuwa saboda takardata, ranar Laraba, malamin asibitin ne ya aiko ya faɗa. Ya ce ba sai na wahala ba, an sami malamin firamare zai yi jawabi. A bayan muryarsa ina jin ƙarar tsintsiya. Inna tana kusa, ta ji komai.

"Wa za su zaunar a bencin?" ta tambaya.

Na ce ban sani ba.

Na je duk da haka. Na tarar da benci, da magani a kanta, da farar riga a ƙusa. Na bari malamin firamare ya gama, sannan na miƙe ba a kira ni ba. Na ce mutumin nan ba ya zuwa, maganin da ke kanta na shagonsa ne, matar da kuka ɗauki hoton ƙafarta tana Haɗejiya babu yatsu biyu. Ba wanda ya dube ni. Ɗaya daga cikin baƙin ya rubuta wani abu a takarda. Aka ba su kifi suka tafi. Na koma ofishin sau uku tun daga nan, kowane zuwa ana nazari. Yarinyar tana can inda aka kai ta, an ce mutanen ƙauyen suna sonta ƙwarai, har sun gina mata ɗaki.

Kafin in baro gari ranar nan na biya ta gida. Shinkafa ta yi kyau a shekarar, rumbu bai isa ba. Yayana ya ɓalle kwaɗon ɗakin Inna ya jera buhuna har rufi. An fitar da randar zuwa tsakar gida, gadon an jingine shi a bango. Bai ɓoye mini ba, ya dai ce ai ba dawowa za ta yi ba, ni ma na sani.

Da na iso gida Inna tana zaune a bakin gado, makullin yana nan a bakin zanenta. Ba ta tambaye ni kwamiti ba.

"Ɗakina fa? Suna buɗe tagar?"

"Yana nan, Inna," na ce. "Taga a buɗe na same ta."